Wayar Baba Kailu bisa teburina

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Yau na ga Baba Kailu shina rawar ɗari cikin zafin rana.

Bisa bencina ne, nan bakin tashar Filinge inda nike caja wayoyin mutane. Kowace Litinin shina tahowa daga ƙauyensu na Kurfai bisa amalanke, shi da matarshi Inna Saratu, ya sa wayarshi caji, ya jira kiran Madam Nasiba daga Yamai. Ƙauyensu babu kuran, wato wutar lantarki, rezon waya ma sai an hau tudu.

Ciwonmu guda ni da shi. Baƙin tabo ga dunduniya, wanda likita ya ce dajin fata ne. Nawa ga hagu, nashi ga dama, shi ya sa shike cewa takalmi guda ya ishe mu mu biyu. An yanke, ya koma ya ɓullo ƙullutu ga matsematsi. Daga nan anka sa mu cikin gwajin wata sabuwar ƙwaya. Ba kowa aka ɗauka ba, sai wanda anka duba namanshi anka iske wata alama da ƙwayar ke bi. Madam Nasiba ita ke jinyarmu, ita ke kiran kowa ran Litinin ta ji yadda ya kwana da maganin.

An kawo mishi shayi, kofin ya ƙi tsayawa hannunshi. Rabi ya zube ga riga. Haƙoranshi na karo da juna ina ji daga inda nike. Sai waya ta yi ƙara. Ya kama ta da hannu biyu, ya cije har muryar ta zauna.

"Da sauƙi, ɗiyata. Alhamdu lillahi."

Na ji tana tambaya ko akwai zazzaɓi.

"Babu komi sai alheri."

Da ya kashe na ce, "Baba, wanga ba sauƙi ba ne."

Ya ce, "Kai dai Habibu lura da igiyoyinka. Damina ce, wa ba ya masassara?"

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Muna da gurup ga waya, mu 'yan wanga hanya da munka haɗu bisa bencin asibiti can Yamai. Baƙo ya buɗe shi, wani ɗan tireda na Sanam, shi ne babba gare mu wajen baki. Ba a rubutu ciki, murya ake aikowa, don mafi yawa ba su yi karatun lakwal ba. Ni ma aji uku na tsaya.

Can ake faɗin gaskiya. Rakiya ta Abala ta ce gaɓoɓinta na ciwo kamar ta kwana tana daka, amma ƙullutun ya ragu har ba ta jin shi in ta duƙa. Wani ya ce abinci na mishi ɗanɗanon ƙarfe. Ni na ce rana ke cin fatata, in na fita babu hula sai goshi ya yi ƙuraje. Rakiya ta ce to in daina yawon zance. Munka yi dariya.

Amma Baƙo ya kafa doka tun farko. Ya ce abin da anka faɗi cikin gurup na gurup ne. In Madam ta kira, amsa guda ce. Ya ce ya san wata mata ta wajen Baleyara da ta ce tana zazzaɓi, anka karɓe ƙwayarta, ba ta kai girbi ba. Ban san matar ba. Babu wanda ya san ta. Amma kowa ya san labarinta.

Kuma ko babu Baƙo, wa ake gaishewa da jiki ya tsaya lissafi? Kakata ranar da za ta rasu anka ce yaya jiki, ta ce da sauƙi.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

An yi ruwa. Ciniki babu. Baba Kailu bai aiko murya ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, da la'asar

Ya aiko. Gajeruwa ce. Ya gaida kowa da suna, ya ce geronshi ya fara fidda kai. Na saurara, na sake, na kara wayar ga kunne. Tsakanin magana da magana akwai wani numfashi mai nauyi da ba irin nashi ba.

Baƙo ya amsa nan take: "Madalla da tsoho mai ƙarfi. Ni na gan shi ran Litinin nan tasha, garau shike."

Na aje wayar.

Abokaina 'yan fadarmu sun daina zama bencina tun da anka ji sunan ciwon. Suna miƙo waya daga nesa, su ce sannu, su wuce. Tsohuwata ta ware mini kwanona, ta ce don tsabta ne. Ban yi mata gardama ba. In na koma gida da marece, gurup ɗin nan nike buɗewa, in ji mutane na kiran sunana.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Ranar kasuwa. Na ga Inna Saratu wajen mai teburin magani, tana ƙulle wani abu ga bakin zane. Na ɗaga hannu, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ranar da munka dangwala yatsa ga takardar gwaji an karanta muna da Hausa: kada a haɗa da wani magani, na tebur ko na gida, sai an tambaya. In an ji zazzaɓi a kira ko wane lokaci ne. Duk mun ce to.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Amalanke ya zo, Baba Kailu ba shi ciki.

Inna Saratu ta aje wayar bisa teburina, ta zauna can ƙarshen benci. Na gaishe ta, na ce ina Baba. Ta ce shina gida, ƙafa ce ta hana.

"Ƙafa ko jiki, Inna?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce tun Alhamis ruwa ma ba ya zama cikinshi. Ta ce fitsarinshi ya yi ja kamar jiƙon bagaruwa, kuma kaɗan ne. An jiƙa mishi sassaƙe, an kira masu goge sun yi wasa don a ji ko na iska ne. Ƙwayar kam bai fasa ba, safe da marece, ko ya amayar sai ya sake.

"Ya ce in Madam ta kira ka ɗauka. Ka ce ya tahi gona, jiki da sauƙi."

Na ce, "Inna, ke mi kika gani?"

Ta ce, "Ni aike anka yi ni."

Munka zauna. Mota ta shiga, mota ta fita. Na ba mutum biyu wayoyinsu. Tawa ta fara ƙara, Madam ce, na ce da sauƙi, don nawa da sauƙin ne. Ba a jima ba ta Baba Kailu ta fara ƙara. Tana rawa bisa katako tana matsowa bakin tebur. Inna Saratu ta tashi ta ce za ta sayo gishiri.

Na ɗauka.

Madam ta ce, "A'a, Habibu kuma? Ina Baba?"

Ban shirya abin da na faɗi ba. Na fara daga shayin da ya zube.

Ba ta yi faɗa ba. Ta yi ta tambaya, tun yaushe, mi ya sha, shina gane mutane. Ta ce ya tsaida ƙwayar yanzu, a kawo shi asibitin Filinge yau ɗin nan, za ta yi magana da su, gobe a wuce da shi Yamai. Ta ce, "Mi ya sa ba ku faɗi ba tun wancan mako?" Na ce haka muke amsa gaisuwa. Ta ce, "Ni ba gaisuwa nike ba, Habibu." Muryarta kamar ta gaji.

Da Inna Saratu ta dawo babu gishiri hannunta. Na gaya mata. Ta ɗauki wayar ba ta ko cika ba, ta naɗe cikin zane.

Talata, 12 ga Agusta, da sassafe

Motar Hamidu direba ta ɗauke shi. An kwantar da kujerar baya. Na matsa kusa in yi mishi sannu. Idonshi ya yi rawaya. Ya dube ni sosai, ya san ni, ya juya fuska wajen gilas.

Hamidu ya ce, "Matsa mana, mai caji, za mu tahi."

Laraba, 13 ga Agusta, da marece

Gurup ya cika da muryoyi tun safe. Baƙo ya yi doguwa. Bai kama suna ba da farko. Ya ce akwai wanda munka ɗauka ɗan'uwa ashe kunnen likita ne. Ya ce tsoho ya sha wuya ƙullutunshi ya narke, saura kaɗan, yanzu an karɓe maganin saboda masassarar damina da kowa ke yi ya tashi. Sannan ya ce, "Habibu, in kana ji, wa ya aike ka?"

Na danna in amsa. Na yi magana mai tsawo, na goge. Na sake, na ce kawai, "Babban yaya, fitsarinshi ya ɗauke." Na aika.

Ya ce, "Kai likita ne? Mai caji ne kai."

Wani ya yi dariya cikin tashi muryar. 

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

An fidda ni daga gurup.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Hannuna ya saba. Ina gama cin tuwo sai in ɗauko waya. Tsofaffin muryoyin suna nan ba su goge ba, na saurari ta Rakiya inda take cewa in daina yawon zance.

Tsohuwata ta ce mi ke damuna. Na ce babu komi. Ta ce yaya ƙafar. Na ce da sauƙi.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Madam ta kira. Bayan ta gama da ni na tambaye ta Baba. Ta ce ba ta faɗin sirrin wani majinyaci ga wani, ko ni ba za ta faɗi nawa ba. Sannan ta ce shina shan ruwa yanzu.

Na ce, "Za a maida mishi ƙwayar?"

Ta ce likita ke da wanga magana, sai an ga abin da jini ya nuna.

Bencin nan babu kowa ran Litinin yanzu. Mai shayi ya leƙo ya ce ina tsohonka. Na ce ya yi tahiya.

Laraba, 20 ga Agusta, da la'asar

Tun azahar sanyi ke shigata. Na sa rigar ruwa bisa riga, rana na waje.

Na san mi ne ne. Na ga irinshi.

Na rufe tebur da wuri, na ba kowa wayarshi ko ba ta cika ba. Na zauna bayan ɗaki da kwalbar ƙwaya ga hannu. Ƙullutuna da ya kai ƙwan zabo yanzu sai na lalaba nike jin shi. Na tuna matar Baleyara. Ban taɓa ganinta ba amma yau har zanenta nike gani.

In na yi shiru babu wanda zai ɗauki wayata ya faɗi. Ni ba ni da Habibu.

Na kira kafin magariba. Haƙorana sun hana ni gama sallama. Madam ta ce kada in sha ta marece, in tahi asibiti yanzu a ɗibi jini.

Juma'a, 22 ga Agusta

Kwance. Ƙarin ruwa. Ba cizon sauro ba ne, sun duba.

Tsohuwata ta kwana ƙasa kusa da gadon. Da safe ta sha ruwa ga kofina, ba ta lura ba, ko ta lura ban sani ba.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya. Madam ta ce likita ya ce in koma shan ƙwayar, amma an rage. Ba a fidda ni daga gwajin ba.

Na zauna na yi murya mai kyau, a hankali, na faɗi komi yadda ya faru. Sai da na gama na tuna ba ni da inda zan aika ta. Na aika ma Baƙo shi kaɗai. Bai buɗe ba. Na aika ma Rakiya. Ta buɗe, ba ta amsa ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan azahar

Hamidu ya dawo daga Yamai, ya kawo wayarshi caji. Na ce ko ya ga su Baba. Ya ce ya kai ma Inna Saratu saƙon gero daga gida. Ya ce tsohon ya tashi zaune, shina magana, amma ƙwayar kam an ce hantarshi da ƙodarshi ba za su ɗauka ba yanzu. Ya ce abin ya dawo ga matsematsi, har wani ya fito ga wuya.

Na ce, "Ya tambaye ni?"

Hamidu ya duba wayarshi. Ya ce, "Cajar nan taka tana aiki kuwa?"

Asabar, 30 ga Agusta, da marece

Rakiya ta aiko. Murya ƙasa-ƙasa, kamar tana cikin ɗaki da mutane waje.

"Habibu, ina gajiya. Da gaske ne sun maida maka?"

Na ce da gaske ne.

"Idona na dama ke yin hazo kwana biyu. Kada ka gaya ma kowa."

Na ce ba zan gaya ma kowa ba, amma lambar Madam na wayarta kamar yadda take wayata. Na ce ido ba abin jira ba ne.

Ta buɗe. Shiru.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi

An wuce da Baba Kailu gida. Ba su tsaya tasha ba, motar ta bi ta bayan kasuwa. Mai shayi ya gaya mini.

Madam ta kira. Na ce goshina na ƙaiƙayi, gwiwa na ciwo da safe, zazzaɓi babu. Ta ce yau kam ta samu abin rubutawa.

Laraba, 3 ga Satumba, da la'asar

Na yi niyyar tahiya ƙauyen. Na kai har inda amalanke ke tsayawa, na dawo. In ya juya fuska gaban iyalinshi fa?

Gobe.

Alhamis, 4 ga Satumba

An yi ruwa tun asuba. Hanyar ba ta biyuwa.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Mai amalankensu ya zo ba ranar zuwanshi ba. Ya sayi farin yadi.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Na tahi gaisuwar rasuwar Baba Kailu. Geronshi na bakin hanya kafin a shiga gari, ya yi kyau ƙwarai, kan ya sunkuya. An shimfiɗa tabarmi gindin gawo. Mutanen garin sun karɓe ni da kyau, ba su san ni ba sai da na ce mai caji, sannan wani tsoho ya ce, "A'a, kai ne abokin ƙafarshi." Ya matsa mini wuri.

Baƙo na nan, ya zo daga Sanam. Ya rame. Na miƙa hannu, ya ba ni 'yan yatsu. Da anka yi shiru ya ce ma na kusa da shi, amma don in ji, "Mutum shina samun sauƙi anka yanke mishi magani. Da an bar shi da ƙwayarshi da yanzu shina cikin gonar can."

 Wanda ya matsa mini wuri ya dube ni, ya dubi Baƙo, ya ci gaba da murza tabarshi.

Na nemi in gaida Inna Saratu. Anka kai ni bakin darni. Tana zaune cikin mata, kanta ƙasa. Na yi gaisuwa yadda ake yi, ta amsa yadda ake amsawa. Na juya zan tahi ta ce, "Habibu." Na tsaya. Ta ce, "Yaya taka ƙafar?" Na buɗe baki, ban san wace amsa take so ba. Na ce gwiwa na ciwo amma ƙullutun ya ragu. Ta gyaɗa kai. 

Ban san ko ya yafe ba. Ban tambaya ba.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Na buɗe tebur. Kuran ya ɗauke, ina zaune da wayoyin mutane ba su ci ba su sha.

Ina ta juya abin. In da na faɗi tun Litinin ta farko, kafin sassaƙe da maganin tebur. In da ban faɗi ba ko kaɗan. Na tambayi Madam jiya da marece, ta ce babu wanda zai iya ba ni wanga amsa, ko likita. Ta ce Rakiya ta kira ta. Daga nan ba ta ƙara komi ba, ni ma ban nema ba.

Yanzu maganar da ke yawo ita ce Baba Kailu lafiyarshi lau, ni na ga abin da babu. Har nan tasha ta iso. To ni dai na san safiyar Litinin ɗin da shayin ya zube, kuma ba ni kaɗai ke wurin ba.

Inna Saratu na zaune kusa da shi, ita ta goge mishi riga da bakin zanenta. Mai shayi ya gani, shi ya ce a sake mishi wani ba sai an biya ba. Hamidu direba ya gani, shina jingine ga motarshi shina jiran ta cika, har ya ce tsoho ko a kai ka asibiti. Da Baƙo. Ya sauko daga motar Sanam zai shiga ta Yamai, ya tsaya gaishe mu. Shi ya karɓi kofin daga hannun Baba Kailu, ya riƙe mishi shi ga baki har ya sha.